Shawa mai ƙwai daga Badagiri

Da asuba muka bar Kwarbai, ni da wani abokin sana'ata. Ƙananan kifayen tekun nan da ake kira shawa nake sayarwa, amma Baba bai taɓa sa su a baki ba. Tsohon masunci ne a kogin Galma, kuma a wurin masunta wanda ya kama ɗan kifi mayar da shi ruwa yake yi. Kullum cewa yake jarirai nake sayarwa, sana'ar ba albarka. Maganar nan tana ci mini rai, shi ya sa na ce sai na je Badagiri, inda ake kama su, na gano da idona ko jarirai ne.

Hanyar Jebba ta jijjiga mu har hanji. A Ilori na ci amala, abokina ya ce shi azumi yake, alhali yanzu ya gama da tsire. Da muka isa Badagiri na ga teku, sai na ja da baya, na fasa cika baki.

Washegari da hantsi wani masunci ya ɗauke mu a kwalekwale. Ya nuna inda tsuntsaye ke faɗawa ruwa, can sai ga wuri ya yi duhu yana walƙiya. Shawa ne, garke guda, suna juyawa tare kamar an ba su umarni. Ya ce ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani suke tacewa su ci, kuma da damina suke matsowa gaɓa.

A bakin ruwa na tambayi wata mai ƙyafe kifi yaushe suke girma. Ta yi dariya, ta tsaga cikin ɗaya. Ƙwai ne fal, a kifin da bai wuce tafin hannuna ba! Wallahi saura kaɗan in yi guɗa. Na sa ta ƙyafe mini masu ƙwai ba tare da ta fasa su ba.

Da na dawo na tarar da Baba a zaure. Na ajiye masa ɗaya, don na gane Baba ba a kayar da shi da baki, sai a kawo abin ya taɓa. Ya tsaga da farce, ya daɗe yana kallo.

"Ashe uwa ce," in ji shi. "Allah ya yi wa sana'arka albarka. Miƙo yaji."