Hotuna Huɗu a Shagon Ɗinki

Shekarar da ɗiyata take ajin ƙarshe a jami'a, tana karanta ilimin halayyar ɗan Adam, ta same ni a shagona na ɗinki a unguwar Briqueterie bayan la'asar, riƙe da ambulan mai hotuna a ciki. Malaminsu ya ce kowa ya yi gwaji da mutum biyar.

"Baba, hoto kawai za ka duba, ka ba ni labarin abin da ke faruwa. Babu daidai, babu kuskure."

Na ajiye almakashi. Hoton farko mutum biyu ne a bakin ƙofa, ɗaya da jaka. Na ce wannan ya bar gida ne, kasuwa ta ƙi shi, ya dawo ba da haƙuri. Na biyu dattijo ne a bakin taga. Na ce jiran wanda ya raina shi yake, kuma zai zo. Haka har huɗu, ina ta zuba, ina jin daɗin kaina.

Da ta gama rubutu na tambaye ta me ta gano. Ta ce ita ɗaliba ce, ba ta isa yanke hukunci ba. Na matsa.

"Ba abin da mutum ya ce yana so ake dubawa ba, Baba. Abin da ke ta dawowa cikin labaransa ake ƙirgawa." Ta sunkuyar da kai. "Naka duka huɗun, wani ya tafi, ya faɗi, ya dawo ya durƙusa."

Ba ta ambaci ƙanena ba. Shekara biyu ke nan da ya bar shagona ya buɗe nasa a unguwar Mokolo. A masallaci, a wurin suna, duk wanda ya tambaya sai in ce Allah ya sa albarka, ni na fi kowa murna. Har ni kaina na yarda da maganar. Amma ban taɓa taka shagon ba.

Kunya ta hana ni kallonta. Na ɗauki wata riga na kama warware ɗinkin da ba shi da laifi.

Ranar Asabar na je Mokolo. Keken ɗinki shida na gani a shagonsa, duk suna aiki. Ƙirjina ya yi zafi, yanzu kuma na san dalili. Ƙanen nawa ya taso da gudu yana "Yaya! Yau kai ne?", ya share mini kujerarsa da hannun rigarsa, ya aika a sayo tsire. Na ci, na yaba aikinsa. Abin da ya kawo ni dai, wato neman gafara kan faɗuwar da na yi ta jira ya yi, ban iya faɗa masa ba, har yau.