Wayar da Na Murɗe a Jirgin Malam

Duk abin da tsufa zai kwashe mini daga ka, ba na jin zai iya ɗauke ranar da jirgin Malam ya faɗi a gabana. Shekara biyu ke nan da canjin kuɗi zuwa naira, ina da 'yar rumfar gyaran rediyo a bakin kasuwar Gumel. A lokacin kaina ya fi rumfar girma, don har daga Sule Tankarkar ake kawo mini aiki, ni kuwa na ɗauka babu sauran abin da zan koya.

Malam dattijo ne, malamin kimiyya a wata makaranta a garin. Da aka tura su kwas ƙasar waje, abokansa suka dawo da agogo da kwat, shi ya dawo da kwalin 'yan katakai da ɗan inji. Ya fi shekara yana harhaɗa su a zaurensa har suka zama jirgin sama, tsawonsa bai kai tabarmar salla ba, ana sarrafa shi daga ƙasa da wani akwati mai eriya. Mutane suna ta yi da shi, wai boko ya taɓa shi. Ga shi kuma hannunsa na dama ya fara 'yar rawa, abin da yake ƙoƙarin ɓoyewa a cikin hannun riga.

Wata Laraba da yamma ya iso rumfata rungume da jirgin. Ya nuna mini wani ɗan inji can wajen jela, wanda ya kira sarbo, shi ke ɗaga jelar ya sauke ta. Wayarsa ba ta kai ga na'urar da ke karɓar saƙo ba, saura kamar taƙi guda.

"Injiniya," haka yake tsokanata, "wayoyi uku ne, ja da baƙa da fara. Farar ita ke kai umarni. Ka ƙara musu tsawo, ka liƙe da dalma. Da ni zan yi, to hannun nan ba ya tsayawa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, je ka yi sallarka ka dawo. Wannan ai ba aiki ba ne."

A garwashi nake gasa ƙarfen dalmata. Na liƙe ja, na liƙe baƙa, sai garwashin ya mutu, ga motar da za ta kai mu Maigatari don kasuwar gobe tana shirin tashi. Sai na murɗe farar da yatsa, na naɗe da salatif, kamar yadda na saba yi wa rediyo. Abin da ban tuna ba shi ne, rediyo a kan tebur take zaune, ba mai girgiza ta. Malam ya dawo ya taɓa akwatinsa, jela ta ɗaga ta sauka, ya yi ta sa mini albarka.

Ran Asabar aka taru a wani fili bayan gari inda aka gama girbin gero. Ɗalibansa sun zo, 'yan ganin ƙwaf ma sun zo, sun fi kowa yawa. Injin ya ɗauki ƙara, jirgin ya ruga ya tashi. Ya kewaya sau biyu, Malam yana murmushi, sai kawai hancinsa ya dubi ƙasa. Ina ganin Malam yana jan 'yar sandar tuƙi da ke jikin akwatin, yana ja, jirgi bai san ana yi ba. Ya daki ƙasa, fiffike ya yi nan, farfela ta yi can.

Wasu suka fashe da dariya. Malam bai ko dube su ba, hannunsa ya tsura wa ido. A hankali ya ce, "Hannun ne. Na tsufa."

Ina cikin masu tsince tarkacen. Da na ɗaga jelar sai na ga salatif ɗina ya warware, farar waya ta rabu biyu, jijjigar inji ta kwance murɗin. Ja da baƙa suna nan daram. Kunya nake ji in faɗa, amma gaskiya ɗaya ce: cusa wayar na yi cikin jirgin, na ja bakina na yi shiru. Tsoron da nake ji shi ne a ce mai rediyo ne ya kayar da jirgi.

Kwana huɗu abinci ba ya mini daɗi. Sai na ji labari cewa Malam ya daina taɓa kayan gwaji a aji, wani ƙaramin malami yake sa wa ya riƙe masa, har yana maganar ajiye aiki kafin lokacinsa. Nan fa na kasa zama. Bayan la'asar na same shi a zaure, ya tattara tarkacen a buhu. Na durƙusa, na zaro jelar, na nuna masa.

"Ranka ya daɗe, ba ka yi kuskure ba. Ni ne ban liƙe farar ba, murɗe ta na yi."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ya daɗe yana jujjuya wayar. Da na ɗago sai na ga ƙwalla a idonsa, bakinsa kuma yana dariya.

"Ashe na ja sandar daidai?"

"Daidai ka ja, Malam. Saƙon ne bai isa ba."

"Alhamdu lillahi! Kai, ɗana, ka karya mini jirgi, amma yau ka miƙe mini baya. Tashi ka hura wuta."

Wata biyu muka yi muna gyara. A nan na koyi aikin da nake taƙama da shi. Ya sa na nemo waya mai laushi, mai sili da yawa, don mai sili ɗaya karyewa take in ana girgiza ta. Kowane baki sai na shafa masa dalma kafin in haɗa. Mahaɗan uku ba a jere suke ba, kowacce gaba da 'yar uwarta kaɗan, don kada su taɓa juna. Muka zura wa kowacce robar bawul ɗin keke, muka ɗaure wayar a jikin katako da zare. Sannan ya ce in ja da ƙarfi. "In za ta tsinke, ta tsinke a hannunka, ba a sama ba."

Tashi na biyu ba mu gayyaci kowa ba. A wani fili kan hanyar Ɗanzomo muka yi, daga mu sai wani makiyayi da shanunsa. Hannun Malam yana rawarsa, amma ya kai jirgin sama, ya dawo da shi ya sauke lafiya lau. Makiyayin ya jingina da sandarsa ya ce, "Baba, wannan tsuntsun naka yana jin magana." Malam ya ƙarasa shekarunsa na aiki cif, da hannunsa yake riƙe kayan gwajinsa.

Tun daga ranar ban ƙara rufe aikin da ban gama ba. Na gane cewa ha'incin da ka ɓoye ba a kanka yake fashewa ba, a kan wanda ya amince da kai ne, kuma sau da yawa kansa zai zarga. In ka san laifin naka ne, ka yi maza ka faɗa, tun kafin bawan Allah ya yanke wa kansa hukunci.