Baturen da ke dawo mana da Baba

Kullum kafin rana ta yi zafi, akwai wani dogon Bature mai furfura da ke shigowa Mada'in Fahad da gudu. Babu mai binsa, shi ma ba ya bin kowa. Ya wuce gidan burodi, ya wuce masallaci, da ya zo bakin lungunmu sai ya ja birki, ya dafa gwiwa yana jiran a buɗe ƙofarmu. Sunansa Murdo Kinnaird, mutumin Sikotlan, malamin motsa jiki a wata makarantar 'ya'yan baƙi a nan Jidda. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma ƙasarsu, ni kuwa har yau ban gama gane kansa ba. Na dai ce bari in jinjina masa a haka, don in na ce sai na gane, jirginsa zai tashi ya bar ni.

Mahaifinmu, Malam Badaru, ya zo aikin hajji tun yana saurayi, bai koma ba. A Karantina ya yi aure, a can aka haife ni da ƙanena Jabiru, kuma bai taɓa riƙe iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Da aka rushe unguwar muka dawo nan, sai hankalinsa ya ƙi biyo mu. Da an idar da sallar asuba zai ɗauki sandarsa ya ce shi gida za shi. Tsoho baƙar fata, ba takarda, yana tafe shi kaɗai yana tambayar hanyar unguwar da babu ita. Askar ɗaya, wato ɗan sanda, ya tsayar da shi, shi ke nan, sai jirgin Najeriya, inda ba shi da ko mai ba shi ruwa. Tsoron da na kwana na tashi da shi ke nan.

Mun kulle ƙofa, ya yi ta dukanta yana kuka har maƙwabta suka fito. Jabiru ya bi shi ya riƙo hannunsa, sai ya kurma ihu wai ɓarawo, jama'a suka taru. Abin da muke gudu muka jawo wa kanmu.

Wata safiya ya sulale ba mu sani ba. Na fito ko takalmi babu, sai ga shi tafe cikin natsuwa, wani Bature a gefensa yana ɗigar da zufa, jajir kamar gauta.

Baba ya ce, "Surayya, ga Hashim ya dawo. Kawo masa shayi."

Hashim ƙaninsa ne, ya rasu tun ina goye, kuma an ce gajere ne baƙi wuluk. Na dubi Baturen, ya dube ni, ya karɓi shayin ya shanye. Washegari ya dawo, bayan nan ma haka.

Unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce ɗan leƙen asiri ne, wasu suka ce addini yake son sauya wa tsoho. Jabiru ya ce, "Wallahi Yaya, majnun ne kawai. Wa ke gudu ba a kore shi ba?" Sai maƙwabciyarmu Munira, mai shara a makarantar da Baturen ke aiki, ta ce ta ga hotonsa a bango yana saurayi, ya ɗaga kofi. Ashe a gudun famfalaki zakara ne a ƙasarsu, an daɗe ba a sha gabansa ba. Wannan ya ƙara rikita ni. Mutumin da duk sana'arsa wuce mutane ce, me ya haɗa shi da tsohon da kunkuru zai yi wa fintinkau?

Na tare shi na ce, "Ya ustaz, me kake nema a wurinmu?"

Ya ce da gurgun Larabcinsa, "Babu. Hanyata ce."

Ƙarya yake, Allah Ya yafe masa. Makarantarsu tana can arewacin gari.

Abin da yake yi, ni da idona na gani ranar da na bi bayansu. Ba ya riƙe Baba, ba ya shiga gabansa, ba ya ce masa uffan. Yakan tsaya dab da kafaɗarsa ya ɗauki takunsa, in Baba ya ja ƙafa shi ma ya ja. Idan sun zo mararraba sai ya ɗan karkata, Baba ya karkata tare da shi bai sani ba. A haka za su zaga bayan kasuwa su ɓullo ta lungunmu, Baba ya ga ƙofa ya ce alhamdulillahi, mun iso.

Mahamat mai wankin mota ya ba ni labarin ranar da motar askar ta rage gudu a gefensu.  Murdo ya ɗaga gorar ruwa ya yi sallama, Baba na sanye da hular 'yan wasa da ya ba shi. Askar ya leƙo ya ce, "Masha Allah, ya Hajji! Motsa jiki?" Ya ja motarsa.

Murdo, kai ne zakaran da ya koyi tafiyar hawainiya. Kai ne ka amsa sunan mamaci shekara da shekaru, ba ka taɓa cewa ba kai ba ne. Ban san abin da ka bari a ƙasarku ba, ban san me ya sa ba ka taɓa yi mana zancen kofunanka ba. Na san dai mahaifina yana kwana a ɗakinsa.

Da Murdo ya gaya mana zai tafi, na rasa yadda za mu yi da Baba. Shi kuwa sai ya sa Jabiru ya nemi kafilinsa, wato ubangidansa a wurin aiki, ya sauya masa lokaci, ya ce masa, "A dogon gudu, wanda ya gaji ba a jansa, ba a kiran sunansa. Kafaɗa ake ba shi. Yalla, zo ka tsaya nan." Ranar farko Baba ya ɗaga wa Jabiru sanda. Suka ci gaba su uku, kullum Murdo na ƙara ja da baya kaɗan.

Jiya bai bi su ba sam, a bakin lungu ya tsaya. Ni da shi muka yi ta duban hanya. Can sai ga su tafe kafaɗa da kafaɗa. Baba ya dubi ɗan cikinsa ya ce, "Hashim, shigo ka sha shayi."

Jabiru ya ce masa, "To, Yaya."

Na rasa kuka zan yi ko dariya. Baba ya hango Murdo, ya ƙura masa ido ya ce, "Surayya, wane ne wancan Baturen?"

Na fassara wa Murdo ina jin kunya. Sai ya ɗaga hannuwansa biyu sama yana dariya, kamar yadda Munira ta ce yake a hoton nan. Ban taɓa ganin wanda aka manta da shi ya yi murna haka ba.

Mun gode, Murdo. Allah Ya kai ka gida lafiya, Ya saka maka ta inda Ya fi mu sani. Ku kuma 'yan uwa, duk mai tsohon da ya ɓata a cikin kansa, ya daina jansa, ya rage sauri ya ba shi kafaɗa. Shayinka na nan gobe, ko da mai gidan bai san ka ba.