Mai Miƙa wa Sauro Ƙafa

A tashar motar Ifakara, maƙwabcina Mpangala mai gyaran keke ya kafa wa wani baƙo ido. Mutumin siriri ne, ƙwaurinsa duk tabo, yana rungume da ɗan kofi mai murfin raga kamar jariri. Sauro ne a ciki. Mun san irin aikin: ya zauna ya miƙa ƙafa, sauro ya sauka, ya kama ya kai wa masu binciken zazzaɓin cizon sauro, a biya shi.

A rediyo 'yan majalisa suna cacar baki kan ko gwamnati ta yanke kuɗin binciken. Baƙon ya daina taunar rogonsa, ya kasa kunne. Da gani akwai yaran da ƙafar nan take ciyarwa.

"Allah ya sa su yanke!" in ji Mpangala.

"Haba baba, me ya yi maka?" in ji yarinya mai shayi.

Mpangala ya ɗage wandonsa. "Duba nan, 'yar nan. Tun ina goye sauro ke cizona, ko shilin ɗaya ba a taɓa ba ni ba!"