Sabon keke da tsohuwar laya

Jama'a, yau na sayi kekena da kuɗina!

Shekaranjiya keken da nake fataucin goro da shi tsakanin Salaga da Bawku ya karye mini a bakin Yendi. Don haushi na bar wa Maigida Alhasan, wanda nake sauka a gidansa, na ce ya sayar wa maƙera.

Yau da safe na shiga kasuwa neman wani. Na samu wani Bayarabe mai sayar da kekuna. Ya ce, "In ya lalace kafin damina ka kawo, gyara kyauta ne." Wallahi hankalina ya kwanta da shi! Amma kun san zango, baƙo ba ya ciniki sai ta hannun maigidansa. Ga gorona kulle a ɗakinsa.

Na gaya wa Maigida. Ya ɗaure fuska. "Ka ci tuwona ka sayi keken wani? Ai na tanadar maka sabo."

Aka turo keke baƙi wul, fenti ko bushewa bai yi ba. Na sa hannu ƙarƙashin sirdi. Layar da uwata ta ɗaura mini! Ashe kekena ne!

Dattawa cike da zaure, kowa ya zuba mini ido. In ce me? Na biya.

Na ce, "Maigida, in ya karye fa?"

Ya ce, "Haba ɗana! Ka bar mini shi kamar wancan, in samo maka wani sabo."