Igiyar Kwalta a Mina

Kafin kawuna ya iso Makka, ya yi aiki a wata tsohuwar masana'antar igiya ta jiragen yaƙi a bakin teku. Ya ce ginin doguwar rumfa ce, wanda ke farkonta ba ya gane fuskar wanda ke ƙarshenta. A can ya koyi sana'ar, kuma bai taɓa sauya tsarinta ba. Da farko a taje rama. Sai a murɗa ta ana tafiya da baya. Sai a tufka. Daga ƙarshe a tsoma a kwalta don kada ruwan gishiri ya ci ta.

A shekarun alif ɗari tara da sittin muna zaune a unguwar Mansur a Makka. Ni ina kafa tantuna a Mina lokacin aikin Hajji. Shi ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba mai ɗaukarsa aiki. Na roƙi mai tantunan, wani Bahaushe haifaffen Makka, ya ba Kawu aikin igiyoyi. Ya yarda, ya ce in shekarar ta yi kyau aikin ya zama nasa.

Kawu ya ja ramarsa a lungunmu, masu wucewa suna tsallakewa. Da na ga ya ɗora tukunyar kwalta a wuta, na ce masa Mina fa ba teku ba ce. Ya ce igiyar da ba ta sha kwalta ba, ta ɗaure akuya ce.

Ranar da alhazai suka sauka an yi zafi ƙwarai. Kwaltar ta narke. Duk wanda ya gogi igiya sai farin haraminsa ya yi baƙin zane, wasu ma a kanta suka yi shanya. Mai tantunan ya kira mu.

"Ya ammi, wallahi igiyarka ta fi ta kowa ƙarfi," in ji shi, yana kiran Kawu baffa da Larabci. "Amma ni alhazai nake saukewa, ba jirgi nake ɗaurewa ba. Baɗi za ka yi mini marar kwalta?"

Kawu ya ce ko ɗaya ba ta tsinke ba.

"Na sani. Za ka yi?"

"A'a."

Aikin ya koma hannun wani ɗan Yaman. Bayan Hajji muka kwance igiyoyin, na kai wa Kawu gida. Ya riƙa sayar da su kaɗan-kaɗan ga masu dakon ruwa da jakuna, suka riƙe shi har wajen azumi. Daga nan ciyar da shi ta dawo kaina, kuma ban sake nema masa aiki ba.