Koci Sha'aibu Ya Tafi Ana Kunnen Doki

Mu da muka tashi da ƙwallon ƙafa mun saba ɗauka cewa kofi a rana ɗaya ake cin sa: a haɗu, a buga, wanda Allah ya ba sa'a ya ɗauka, kowa ya kama gabansa. Na san da yawa cikin masu karanta wannan rubutu haka suke ɗauka har yau. A ƙwallon kwando abin ya sha bamban. Idan aka kai zagayen fitar da gwani, ƙungiya guda za ka yi ta karawa da ita, yau ku haɗu, jibi ku sake haɗuwa. A gasar ƙwararru ta Amurka sai ka ci abokin karawarka sau huɗu kafin ka wuce shi. Mutumin da ya zaunar da ni ya fahimtar da ni wannan, Malam Sha'aibu Bala, wanda yaranmu na unguwar Danau Kota ke kira Koci, Allah ya karɓi ransa ranar Talata, 13 ga watan Mayu, a nan Kuala Lumpur. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Yana shagonsa na yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, bayan ya idar da azahar, ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Maƙwabtansa suka garzaya da shi asibiti. Kafin la'asar ta yi, waya ta zagaya.

Yaya Sha'aibu, ina rubuta wannan ne ranar Alhamis, hankalina ba a kwance yake ba. Jibi Asabar yaranka za su buga wasan da zai raba gardama, ni ne zan zauna a kujerarka, kuma ban san abin da zan gaya musu ba.

Bari in faɗa wa waɗanda ba su san ka ba ko kai wane ne. A ƙuruciyarka ka buga ƙwallon kwando na ƙwararru a Najeriya, har gwiwa ta hana ka. Ka shiga kasuwanci, kasuwanci ya kawo ka Malesiya, kana aika yadi da hijabai Kano. Da wuya a sami ɗalibi ɗan Arewa da ya sauka garin nan bai ci abincin gidanka ba. Ni kaina lokacin da na zo karatun digiri na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, kai ka ɗauko ni daga filin jirgi, tun a mota ka fara kira na Dakta. Na ce ai ko aji ban shiga ba. Ka ce, "To sai ka yi sauri, don ni ba na janye suna."

Abin da ya dame ka shi ne 'ya'yanmu da suka tashi a nan. Ka yi wa yaro Hausa ya amsa maka da Turanci ko Malayanci. Ni na buɗe musu darasin Hausa ranar Asabar, suna zuwa suna hamma. Kai kuwa ka sayo ƙwallo biyu, ka roƙi masu kula da gidajen da muke zaune a Danau Kota su bar maka filin da ke bayan wurin ajiye motoci. Ba a jima ba samari suka cika wurin. Abdulbaƙi, dogon nan da ya fi kowa tsawo, ya zo da silifa saboda an zaga shagunan garin nan ba a sami takalmin da ya shige shi ba. Ka cire naka ka miƙa masa, ka ƙarasa horon ranar da safa.

A filin nan ka yi abin da ni ban iya ba. Kowace dabara ka raɗa mata sunan Hausa, domin abokan karawa ba sa ji. Idan ka ce "rijiya", a jefa wa Abdulbaƙi ƙwallo a gindin kwando. Idan ka ce "Kurmi", kowa ya cunkushe a gefe guda kamar kasuwa, a bar Fatihu, kyaftin ɗinsu, shi kaɗai da mai tsaronsa. "Shayi" kuwa a sassauta, a daina gaggawa. Yaran da ba su taɓa ganin rijiya ba suka koma gida suna tambayar iyayensu. Wata uwa ta tare ni ta ce ɗanta ya buga wa kakarsa waya takanas don ta ba shi labarin kasuwar Kurmi.

Duk shekara idan Afrilu ya shigo, ƙwararrun Amurka suka fara zagayen fitar da gwani, wasanninsu da safe suke faɗowa a nan. Sai ka tara yaran a wani mamak na unguwa, wato shagon shayi da abinci, ka lallashi mai wurin ya juya talabijin, a kawo shayi da roti. Wani zai yi tsalle ya dankara ƙwallo cikin kwando, yara su ɗau ihu, kai ko gezau.

"Kai Fatihu, ka ga wancan mai lamba takwas? Shekaranjiya wa yake tsaro?"

"Koci, bari mu ga wasa lah," in ji Fatihu, da ɗan "lah" ɗin nan da 'yan Malesiya ke liƙawa a ƙarshen magana.

"Wasan kenan nake nuna maka, sarkin lah. Shekaranjiya dogon yake bi, yau gajeren. Wa ya canza shi, kuma don me?"

Ka sha gaya mana cewa a wasan farko kowa da abin da ya iya yake zuwa. Daga na biyu an riga an san ka: an san hannun da kake so, an san inda kake gudu idan ka gaji, an san wanda ke fushi idan aka ture shi. Ka ce ƙungiyar da ke ɗaukar kofi ita ce wadda za a gano sirrinta a gaban jama'a, ta koma gida, ta yarda an gano ta, ta dawo da wani abu. Gwaninta kowa yana da ita a wannan mataki. Abin da ke ƙaranci shi ne mutanen da za su iya barin dabarar da ta kawo su nan ba tare da sun watse ba.

Bana, karo na farko, yaranka suka kai ƙarshe a wata ƙaramar gasar matasa ta unguwanni, inda wanda ya fara cin wasa biyu shi ke da kofi. Abokan karawarmu wata ƙungiya ce daga unguwar Cheras, yawancinsu 'ya'yan Sinawan ƙasar nan. Wasan farko muka ci su. Ka yi ta kiran rijiya, Abdulbaƙi yana zubawa, su kuwa suna kallon juna.

Ranar Lahadin da ta wuce aka buga na biyu. Ka ce "rijiya", kafin ƙwallo ta bar hannun Fatihu mutum biyu sun rufe Abdulbaƙi. Ka ce "Kurmi", suka ƙi bin cunkoson, suka tsaya wa Fatihu. Can sai wani gajerensu mai gilashi ya riga ka, ya ɗaga hannu yana kiran "rijiya, rijiya" da irin harshensa, yana nuna wa 'yan'uwansa inda za su tsaya. Ashe sun ɗauki wasan farko a waya, sun zauna sun haddace kiranka. Suka ci mu ci mai zafi.

Yara suka fito kamar za su yi kuka. Kai kuwa dariya kake har kana riƙe gwiwarka. Ka ce da ni, "Dakta, shekara nawa kana koyar da Hausa, ka taɓa samun ɗalibi Basine? Ni ga shi na yaye biyar." Sannan ka tara yaran, fuskarka ta koma daidai, ka ce, "Na ga abin da za mu yi musu. Kowa ya huta. Ranar Laraba zan nuna muku."

A ranar Larabar muka kai ka makwanci.

Ba ka gaya wa kowa abin da ka gani ba. Na tambayi mai ɗakinka, Hajiya Hasanatu, ta ce ranar Litinin dai ta gan ka kana jera murafen kwalba a kan tabarma kana matsar da su, da ta yi magana ka ce kar ta taɓa maka 'yan wasa. Iyakar abin da ta sani kenan. Masu shirya gasar sun yi mana karamci, suka ce ko a ɗage wasan. Na kai mata maganar. Ta ce, "Malam Mansur, a buga. In aka ɗage sau ɗaya, yaran nan ba za su sake haɗuwa ba."

Abin da ke cin raina kenan, Yaya. Ba faɗuwa nake tsoro ba. Tsorona safiyar da za ta biyo bayan wasan, ko akwai wanda zai ɗauko ƙwallo ya sauko fili. Kai ne kake bi gida-gida kana ƙwanƙwasa ƙofa. Kai kake shawo kan uban da ya ce wasa na hana karatu, ka kuma kori yaron da ya faɗi jarrabawa daga fili har sai ya gyara. Idan suka shiga ranar Asabar a rikice, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi, na san yadda za ta kaya: kowa zai koma ɗakinsa da wayarsa.

Jiya bayan mun dawo daga maƙabarta sun zauna a gefen filin, ba wanda ya taɓa ƙwallo. Fatihu ya ce a canza sunayen dabarun duka. Abdulbaƙi ya ce shi ba zai buga wasan da babu kalmomin Koci a ciki ba. Wani ya ce a bar sunayen a juya ma'anarsu, a kira rijiya a yi Kurmi. Fatihu ya ce, "Mu kanmu za mu rikice, kai da hagu da dama ma sai an nuna maka." Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take. Suka juyo suna kallona. Na ce su ci gaba, ina ji. Ba su cimma matsaya ba har aka kira magariba. Abu guda na lura da shi: gardamar nan kusan duk da Hausa suka yi ta. Ban sani ba ko hakan zai ishe su ranar Asabar.

Ya Allah, ga bawanka Sha'aibu ya zo maka, nesa da garin da aka haife shi. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Baƙin da ya saukar, da yaran da ya tsare daga yawon banza, ka sanya su a mizaninsa. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hasanatu, da 'yarsa Mubina, da 'yan'uwansa na Kano waɗanda ba su sami ganin gawarsa ba, da abokan kasuwancinsa, da dukkan 'yan Najeriya mazauna garin nan. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Saura roƙo ɗaya, gare ku 'yan'uwa ɗalibai da 'yan kasuwa. Yaran nan su takwas ne. Kowace dabara suka zaɓa, ba za su iya gwada ta ba sai da mutum biyar a gabansu da za su tsaya a matsayin 'yan Cheras, kuma horo ɗaya ya rage musu: gobe Juma'a bayan la'asar, a filin Danau Kota. Ko ba ka taɓa riƙe ƙwallon kwando ba, ka zo. Fatihu zai nuna maka inda za ka tsaya da wanda za ka bi. Ka ɗaga hannuwanka, ka tare masa hanya da gaske, kar ka tausaya masa don yana makoki. Ka taho da takalmin da ba ya santsi, ka gwada.

Mansur Salihu
Jalan Semarak, Kuala Lumpur